Darar Ces A Waya: Halayen Da Ke Kayar Da Ɗan Wasa Tun Kafin Abokin Karawa Ya Kayar Da Shi

Mutanen yammacin Zamfara ba baƙin dara ba ne. A Anka da Gummi da Bukkuyum, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, an daɗe ana haƙa gurabu a gindin bishiya ko a bakin kasuwa, mutum biyu su durƙusa suna fuskantar juna, 'yan kallo su kewaye su suna ƙus-ƙus. Wanda kuma ya bi hanyar da ta ratse daga Ɗaki Takwas ya yi kudu, zai faɗa ƙasar Zuru ta Jihar Kebbi, inda sunan Dakarkari ya shiga littattafan masu binciken wasannin duniya albarkacin wannan dara.

Yanzu wata darar ta shigo ta cikin wayar hannu. Ita ce ces, wadda malamanmu suka sani a littattafan Larabci da sunan shaɗaranji. Duk mai babbar waya da ɗan abin sayen data, malamin makaranta ne a Gummi, ko ma'aikacin sakatariya a Bukkuyum, ko mai shagon yadi a kasuwar Anka, yana iya buɗe manhaja, cikin 'yan daƙiƙoƙi a haɗa shi da wani a Indiya ko Masar ko Barazil su kara. Ba ya biyan kuɗin shiga, ba ya kuma fita neman abokin wasa.

Sai dai masu yin wasan don nishaɗi suna da koken da suka yi tarayya a kai. Mutum zai shafe watanni yana bugawa, wasanninsa su kai ɗaruruwa, amma makinsa ya tsaya cik, yau ya hau kaɗan, gobe ya zube. Wanda ya zauna ya duba irin waɗannan wasanni zai ga cewa a matakin 'yan koyo da wuya a ci wasa da gwaninta. Galibi zubar da shi ake yi da ganganci. Gangancin kuwa daga ɗabi'a yake tasowa: irin wasan da mutum ke zaɓa, lokacin da yake yin sa, da abin da yake aikatawa bayan an cinye shi.

Abin da ya haɗa dara da ces

Darar ƙasa, a tsarin da aka fi sani, gurabu 30 gare ta, layi biyar mai shida-shida. Kowane ɗan wasa yana riƙe da 'ya'ya 12, wannan tsinke, wancan tsakuwa. Da zubi ake farawa, ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a yarda kowa ya jera uku ba sai an gama zubawa. Idan 'ya'ya 24 suka zauna, gurabu shida kacal suka rage, daga nan ake shiga matsawa gida ɗaya gaba ko baya ko gefe. Wanda ya jera uku ya ci ɗa ɗaya na abokinsa, wanda 'ya'yansa suka gaza uku kuma ya faɗi. Gwanaye sun san tun wurin zubi ake cin dara. Wanda ya shirya abin da ake kira doki, wato zaman da kowane matsi guda ke ba shi jeri uku, ya riga ya gama da abokinsa.

Allon ces kuwa gidaje 64 ne, takwas sau takwas, kowane ɓangare da runduna ta 'ya'ya 16: sarki, sarauniya, hasumiya biyu, giwa biyu, doki biyu, da dakaru takwas. Hasumiya tana tafiya miƙe, giwa tana tafiya a karkace, sarauniya ta haɗa tafiyar duka biyun. Doki shi kaɗai ke tsallake wasu, yana yin gida biyu miƙe ya karya ɗaya gefe. Dakare gaba kawai yake yi, amma a karkace yake ci, idan kuma ya kai ƙarshen allo sai a ɗaga shi ya zama sarauniya ko wani babban ɗa. Masu wasa suna yi musu kima kamar kayan kasuwa: dakare 1, doki 3, giwa 3, hasumiya 5, sarauniya 9. Sarki ba shi da farashi, domin da zarar an tare shi ta ko'ina ya rasa mafita, wasa ya ƙare.

Wasan ya samo asali ne daga Indiya wajen ƙarni na 6, ya bi ta Farisa ya shiga hannun Larabawa, waɗanda daga gare su aka gaji sunayen giwa da doki. A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa an yi gwanaye irin su as-Suli, wanda ya rayu har cikin ƙarni na 10. Ta Andalus da wasu hanyoyi wasan ya ƙetara Turai, inda a ƙarshen ƙarni na 15 aka ba sarauniya ƙarfin da take da shi yau. Ko a Nijeriya ba waya ce ta fara kawo shi ba, domin a shekarun 1930 Turawan mulki sun rubuta labarin wani nau'insa da suka tarar a Borno, ana kiran sa tsatsarandi.

Wanda ya tashi da darar ƙasa yana shiga ces da jari guda da kuma bashi guda. Jarin shi ne sanin cewa shiri yana gaba da hari. Takun farko goma na ces daidai suke da zubi: a kama tsakiyar allo, a fito da dawakai da giwaye, a shigar da sarki lungu bayan dakarunsa, sannan a yi zancen kai farmaki. Bashin kuwa a ido yake. Dara ba ta lissafa jeri a karkace, ba ta kuma da mai tsalle, saboda haka idon da ya saba da ita layi miƙaƙƙe yake bi. A ces kuwa giwa tana iya zama a can kusurwa shiru, ta ɗauke hasumiya daga ɗaya ƙarshen allon, doki kuma ya dira gida guda ya sa sarki da sarauniya cikin barazana lokaci ɗaya. Dole a janye sarki, sarauniya ta tafi.

Abin da maki ke faɗa

Manyan dandalin wasan biyu ne. Chess.com ya fara aiki a 2007, kuma a Disamban 2022 masu rajista a cikinsa suka haura miliyan 100. Lichess kuwa wani Bafaranshe mai suna Thibault Duplessis ne ya kafa shi a 2010, kyauta ne gaba ɗaya, babu talla. Kowannensu yana liƙa wa ɗan wasa wata lamba kusa da sunansa, wadda ke hawa idan ya ci, ta sauka idan an ci shi.

Tushen wannan lissafi na Arpad Elo ne, malamin kimiyyar fiziks ɗan asalin Hungary da ya zauna a Amurka, wanda Hukumar Ces ta Duniya, FIDE, ta karɓi tsarinsa a 1970. Dandalin intanet suna amfani da gyararren tsarin da Mark Glickman ya fitar daga baya. A lissafin Elo, wanda ya fi abokinsa da maki 200 ana sa ran ya kwashi kusan kashi uku cikin huɗu na sakamakon wasanninsu. Magnus Carlsen na Norway ya kai 2882 a 2014, kuma har yau babu wanda ya taka wannan matsayi a jerin FIDE. Makin kowane dandali nasa ne shi kaɗai: Lichess yana fara wa sabon shiga da 1500, don haka ba a auna lambar can da ta Chess.com ko ta FIDE kai tsaye.

Akwai abu ɗaya game da wannan tsari da ya kamata kowane ɗan wasa ya riƙe. Manhaja tana haɗa mutum ne da sa'o'insa a maki. Idan ya yi ta ci, sai ta ɗaga shi ta haɗa shi da waɗanda suka fi ƙarfi; idan ya yi ta faɗuwa, ta sauke shi. Sakamakon haka, mai maki 700 da mai maki 2000 duk kusan rabin wasanninsu ake cinye su. Faɗuwa a wasa ɗaya cikin biyu ba alamar daƙiƙanci ba ce, haka aka gina injin. Wanda bai fahimci wannan ba shi ne ke ɗaukar kowace faɗuwa a matsayin cin fuska, kuma daga nan yawancin munanan ɗabi'u ke farawa.

Salon da ake yawan gani

Na farko shi ne mai gaggawar fito da sarauniya. Akwai wani gida kusa da sarkin baƙaƙe, wanda a rubutun wasan ake kira f7, da ba mai tsaronsa a farkon wasa sai sarkin kansa. Idan sarauniya da giwa suka haɗa kai a kansa, ana iya kama sarki cikin taku huɗu. Ɗan koyo yakan ci wasanni da dama da wannan tarko, ya ji daɗinsa, ya mayar da shi sana'a. Ranar da ya haɗu da wanda ya san maganin, sai a toshe hanyar, a riƙa fito da dawakai da giwaye ana korar sarauniyarsa. Kowane kora ribar taku ɗaya ce ga abokin karawa. Kafin ya farga, rundunar wancan ta gama fitowa fili, tasa kuwa tana nan a layin baya, sarauniya kaɗai ke gudun ceton rai.

Na biyu mai kwaɗayi ne. Duk abin da aka ajiye masa sai ya ci, ba ya tambayar dalilin da ya sa aka bar shi a fili. Ɗan kasuwa ya san cewa idan aka kawo masa kaya da araha fiye da kima, wajibi ne ya duba ko na sata ne ko ruɓaɓɓe. A kan allo ma haka ne: dakare ɗaya da aka ci da sarauniya yana iya jawo a rufe mata hanyar dawowa, a ba da tara a karɓi ɗaya.

Na uku shi ne mai noƙewa kamar kunkuru. Tsoron kuskure ya sa ba ya ƙetare tsakiyar allo, yana musayar 'ya'ya duk inda ya samu dama don wasa ya yi sauƙi. Irin wannan yakan daɗe bai faɗi ba, amma yana bar wa abokinsa fili ya shirya yadda ya ga dama. Sau da yawa kuma yakan manta cewa dakaru ukun da ya jera gaban sarkinsa, waɗanda yake gani garkuwa ce, su ne bangon kurkuku. Hasumiya ɗaya ta sauko layin baya, sarki ya rasa inda zai matsa, a tashi.

Na huɗu shi ne wanda ke zubar da abin da ya riga ya ci. Ya fi abokinsa da sarauniya sukutum, wancan ba shi da komai sai sarki, sai murna ta kwashe shi ya riƙa taku ba lissafi. Dokar ces ta ce idan layi ya zo kan mutum, ba shi da takun da doka ta yarda da shi, alhali sarkinsa ba ya cikin barazana a wannan lokacin, wasa ya tashi canjaras. Da wannan doka 'yan koyo ke asarar rabin nasarar da suka yi gumi a kanta.

Waɗannan huɗu sun bambanta a fuska, amma cutarsu ɗaya. Kowannensu shirinsa kawai yake kallo. Tambayar da ke raba wanda ke ci gaba da wanda ya tsaya cik gajera ce: takun da abokina ya yi yanzu, me yake nema da shi? Wanda ya lazimci yi wa kansa wannan tambaya kafin ya taɓa kowane ɗa, ya kuma duba ko gidan da zai sauka akwai mai cin sa a can, ya kawar da mafi yawan kurakuran da ke kayar da sa'o'insa. Sai dai tambayar tana bukatar lokaci, kuma a nan ne agogo ke shigowa.

Agogo, sabis da batir

Darar gindin bishiya ba ta da agogo. Dattijo yana iya dafa haɓa ya yi shiru har sai ya gamsu. A waya kuwa kowa da lokacinsa, wanda nasa ya ƙare ya faɗi ko da shi ke kan gaba, sai fa idan abokin nasa ba shi da 'ya'yan da za su iya kama sarki, a nan ake tashi canjaras. Akwai wasan minti ɗaya, akwai na minti uku ko biyar, akwai na goma ko sha biyar, akwai kuma wanda ake ba mutum daga kwana 1 har zuwa 14 kafin ya yi taku guda.

Lissafin a bayyane yake. Idan wasa ya kai taku 40, mai minti uku yana da daƙiƙa huɗu da rabi ga kowane taku. Mai minti goma yana da daƙiƙa 15. Wanda ya zaɓi minti 15 tare da ƙarin daƙiƙa 10 bayan kowane taku yana da sama da daƙiƙa 30. Gwanin da ya shekara goma yana nazari zai iya wasa cikin daƙiƙa huɗu, domin idonsa ya riga ya haddace siffofin. Ɗan koyo ba shi da abin da ya haddace tukuna. Abin da yake yi a wasan sauri shi ne maimaita kuskurensa na jiya har ya zame masa jiki. Duk da haka wasan saurin ne ya fi jan mutane, saboda yana shiga tsakanin ciniki da ciniki, ko tsakanin fayil da fayil a ofis.

A yammacin Zamfara akwai ƙarin abokin gaba da ɗan wasan Landan bai cika tunaninsa ba. Idan sabis ya ɗauke, agogon mutum ba ya tsayawa. Dandalin yakan jira na ɗan lokaci, in bai dawo ba a ba abokin karawarsa nasara, kuma wanda ya yawaita ɓacewa a tsakiyar wasa ana iya dakatar da shi na wani lokaci, ko da ba da gangan ya yi ba. A wasan minti uku, ɗaukewar rabin minti ta cinye kashi ɗaya cikin shida na lokacin mutum. A wasan minti 15 mai ƙari, ana iya farfaɗowa. Haka batun batir yake ga wanda wayarsa ke kwana a shagon mai caji: fara wasa da batir ja kamar ɗaukar hanya ne da mai a ƙasan tanki. Shi kansa wasan ba ya cin data sosai, domin taku ɗan gajeren saƙo ne; bidiyon koyarwa da kallon gwanaye kai tsaye su ne ke cinye ta.

Mutanen yankin sun ga iyakar wannan dogaro da idonsu. Ranar 3 ga Satumban 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a faɗin Zamfara, bisa bukatar gwamnatin Bello Matawalle, a cikin matakan yaƙi da 'yan bindiga da suka haɗa da rufe kasuwannin mako. An buɗe wa Gusau a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. A waɗannan watanni, abin da ya rage wa mai son wasa a Anka ko Gummi shi ne karawa da kwamfutar da ke cikin manhaja, ko mutum biyu su riƙa miƙa wa juna waya ɗaya, ko kuma a koma ga gurabun ƙasa da ba su taɓa neman sabis ba.

Saboda haka, ga mai zama inda sabis ke zuwa yana tafiya, zaɓin agogo shi ne takun farko na wasa. Wasan kwanaki ya fi dacewa da ɗan kasuwa: ya duba da safe, ya yi tunani, ya taka bayan la'asar. Akwai kuma wurin da ake kunnawa a cikin manhaja don ta nemi tabbaci kafin ta aika taku, wanda ke maganin zamewar yatsa a ƙaramar fuskar waya.

Ramuwa, da abin da aka rasa a gindin bishiya

Mafi tsadar ɗabi'un ɗan wasan waya ita ce neman ramuwa nan take. An cinye shi, zuciya ta tashi, maɓallin sabon wasa yana nan a ƙarƙashin yatsa. Ya shiga na biyu da fushin na farko, ya yi gaggawa, ya sake faɗuwa. Sai ya yi wa kansa alkawarin ba zai kwanta ba sai ya mayar da makin da ya zube. Wasa goma na minti uku-uku yana iya cin awa guda cur. Da haka ake kai wa tsakar dare, a wayi gari da jan ido, makin kuma ya fi na jiya ƙasa.

A darar ƙasa akwai abubuwan da ke taka wa mutum burki ba tare da ya sani ba. Wanda aka ci yakan tashi ya ba wani wuri. 'Yan kallo suna nan, idan an tashi su nuna masa gurbin da ya yi sakaci. Kunyar manya tana hana shi zage-zage, kiran salla yana watsa taro, duhu yana rufe fage. Waya ta kawar da duk waɗannan. Ba ta ƙarewa, ba ta da dattijo, abokin karawa kuma suna ne kawai da tutar ƙasa.

Wannan rashi ya fi nauyi a yankin da zaman majalisa kansa ya raunana. Hare-haren 'yan bindiga, irin waɗanda aka kai ƙauyukan Anka da Bukkuyum a farkon Janairun 2022, sun raba dubban mutane da garuruwansu, sun kuma rage zaman hira a waje bayan faɗuwar rana a wurare da yawa. Ba abin mamaki ba ne mutum ya nemi abin da zai ɗauke masa hankali a cikin ɗakinsa. Amma wanda ya shiga ɗaki da waya, sai ya zame wa kansa ɗan kallo da dattijo, ya yanka wa kansa ƙa'ida tun kafin ya fara: wasa nawa zai yi yau, kuma idan an ci shi sau biyu a jere ya ajiye.

Satar amsa da zargin sata

Tun 1997, lokacin da kwamfutar Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke zakaran duniya Garry Kasparov, aka san na'ura ta kama hanyar wuce ɗan Adam a wannan wasa. Yau manhajar Stockfish, wadda kyauta ce, ta fi kowane gwani a duniya ƙarfi. Wannan ya buɗe ƙofar sata: mutum ya riƙa kwafo taku daga wata waya. Dandalin suna auna takun ɗan wasa da na na'ura, suna duba yadda yake kashe lokaci, su rufe asusun wanda suka kama, su mayar wa waɗanda ya zalunta makinsu. Mai satar bai ƙaru da komai ba, lambar da ya tara ta na'ura ce.

Akwai kuma ɓarna ta biyu da ba a cika magana a kanta ba, wato zargin duk wanda ya ci ka da sata. Wanda ya saba da wannan ya rufe wa kansa ƙofar koyo. Wurin da na'ura ta halatta shi ne bayan an tashi wasa. A nan take nuna takun da al'amari ya juye. Minti biyar na duba wasan da aka faɗi, a gano taku ɗaya da ya jawo faɗuwar, ya fi sabbin wasanni biyar amfani. Wanda ya yi haka na mako biyu zai ga kuskure iri ɗaya ne ke ta dawowa da riga daban-daban.

Matsayin malamai

A jihar da ta fara aiwatar da shari'ar Musulunci a wannan jamhuriya, cikin Janairun 2000, ba a yin zancen shaɗaranji a tsallake hukuncinsa. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a ƙasar Hausa, sun tsananta a kansa, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, da ake karantawa a zaurukanmu, ta hana yin sa. A mazhabar Shafi'iyya an fi tafiya a kan karhanci, wasu malaman zamani kuma sun sassauta da sharuɗɗa. Inda babu saɓani shi ne idan caca ta shiga, ko wasa ya sa aka bar salla ta fita lokacinta, ko aka tauye haƙƙin iyali, ko ya jawo zagi da gaba. Mai son sanin matsayinsa sai ya tuntuɓi malaminsa. Abin lura dai shi ne, illolin da malamai suka ji tsoro tun ƙarnoni da suka wuce su ne waya ta sauƙaƙa. Ma'aikacin da ke wasa a lokacin da ake biyan sa albashi don ya saurari jama'a, da mai shagon da ya bar mai saye a tsaye saboda agogonsa na gudu, ba sa bukatar dogon bayani kafin su san sun ƙetare iyaka.

Inda gwanaye suka fito

'Yan Nijeriya da suka yi suna a wasan nan kusan duk a gaban mutane suka koya. Odion Aikhoje ya ci lambar zinariya ta allo na biyu a gasar ƙasashen duniya da aka yi a Elista ta Rasha a 1998, zamanin da wasan waya bai zo ba. Tunde Onakoya a shagon aski ya fara ganin allo a Ikorodu ta Jihar Legas. A 2018 ya kafa Chess in Slums Africa don koya wa yaran unguwannin talakawa, kuma a Afrilun 2025 shi da Ba'amurke Shawn Martinez suka yi awa 64 suna wasa a dandalin Times Square na birnin New York, abin da kundin Guinness ya amince da shi. Tanitoluwa Adewumi, wanda iyayensa suka bar Nijeriya a 2017, a makarantar firamare ya koya, ya ci gasar yara ta Jihar New York a 2019 yana ɗan shekara takwas, lokacin iyalinsa na zaune a gidan marasa matsuguni.

Waya tana da amfanin da ba a musunsa: ta kawo wa mutumin Bukkuyum abokan karawa da darussan da a da sai mazaunin babban birni ke samu. Abin da ba ta kawowa shi ne mai cewa dakata, duba nan. Wannan kuwa ba shi da tsada. Ana zana gidaje 64 a bayan kwali, kamar yadda ake haƙa gurabu 30 a ƙasa. Abokai uku ko huɗu da ke wasa a waya, kowa a ɗakinsa, idan suka ware yammaci ɗaya a mako suka zauna da rana tsaka a wuri amintacce, kowa ya kawo wasa ɗaya da aka ci shi a jera a kan allo a duba tare, sun mayar wa ces abin da ya sa darar ƙasa ta haifi gwanaye a ƙasar Zamfara da Zuru. Malamin makarantar da ke cikinsu kuma ya samu abin da zai kai wa ɗalibansa ranar da babu wuta, babu sabis.